Ranar da Kawu Giris Ya Bar Ƙarfe a Bushe

Kawuna bai iya zama ba. Ba zagi ba ne, haka Allah Ya yi shi. In ka ba shi kujera, a bakin-bakinta zai ɗosana, kunnensa na waje, kafin ka gama "ya gida, ya iyali" ya miƙe, wai ya ji ƙofar banɗaki ta yi ƙara. Babu wanda ya ji sai shi. Zai zaro ɗan gwangwanin mansa mai dogon baki daga aljihu, ya je ya ɗiga, ya buɗe ya rufe sau uku, ya goge da tsumman da ba ya rabuwa da shi, sannan ya dawo ya amsa maka gaisuwar da kai har ka manta ka yi ta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a masaƙa, aikinsa guda ɗaya tak: zuba wa injuna mai. Ba shi ke saƙa ba, ba shi ke gyara ba. Zagaye kawai yake yi daga wannan bango zuwa wancan, da gwangwani a dama, tsumma a hagu, ya san ramin man kowane inji kamar yadda ka san haƙoran bakinka. Masaƙa ta rufe, shi bai rufe ba. Sai gida ya koma masaƙa. Ƙyauren gida, fanka, keken ɗinkin Inna matarsa, kwaɗon shagon maƙwabci, har almakashi. An taɓa kama shi a gidan gaisuwar rasuwa yana ɗiga wa ƙafar kujerar ƙarfe mai, mutane na tsakiyar addu'a. Shi ya sa duk unguwa ke ce masa Giris, mu kuma Kawu Giris. Karin maganarsa ɗaya ce a duniya: "Ƙarfe ba ya ƙin mai."

To, akwai Bushiya.

Bushiya mota ce, 'yar ƙarama, 'yar dunƙule, ta girmi yawancin masu karanta wannan rubutun. In mutum huɗu suka shiga, sai an yi shawara kafin ɗaya ya yi atishawa. A hannun wani injiniyan masaƙa ya same ta lokacin da zai bar aiki. Tana ƙarƙashin rumfar kwano daga cikin babban ƙyauren gida, shekara uku ba ta taka titi ba saboda kulocinta ya mutu. Amma duk Juma'a da safe sai ya tayar da injin, ya tsaya ya karkata kai yana saurare kamar likita. Sabon kulocin ma ya daɗe da saye, yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado. Kullum "sai na samu natsuwa." Mutumin da bai taɓa samun natsuwa ba tun da aka haife shi.

Na san akwai masu shirin rubuta min "ai tsohon ƙarfe ne, a sayar mana." Ku riƙe yatsunku tukuna. Wayar da ke hannunku ba za ta ga shekara uku ba.

Ranar Lahadi Yaya Babba ta zo. Ita ce 'yarsa ta fari, wadda don kunya ba ya kama sunanta, sai dai ya ce "waccan." Ta yi shekaru tana aiki a kemis ɗin wasu, yanzu za ta gina nata a gaban gidan, daidai inda rumfar Bushiya take. An daɗe da yarda da wannan, shi da kansa ya sa albarka. Ranar dai ce ba a sa ba, kuma ita ta zo da ita.

"Baba, ranar Asabar da safe tifa za ta kawo yashi da bulo. Za a cire ƙyauren nan, a ja bango, a bar ƙofar mutum ɗaya. In motar nan tana ciki lokacin, ba ta da hanyar fita kuma."

"To."

"Na yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe. Sun ce a nan ma za su iya yanka ta."

Kawu na riƙe da kofin shayi. Ya ajiye, ya miƙe, ya je ya buɗe tagar da ba ta yi masa laifin komai ba, ya rufe.

"Yanka? Rago ce?"

"Baba, to a ina za ta zauna? A titi, yara su mai da ita gidan wasa?"

"Akwai Bahago."

Bahago bakanike ne, abokinsa tun suna samari a masaƙa. Garejinsa na can bayan gada, bayan an haura tudu. Yana da rumfa, yana da fili, yana kuma da doka. Da Kawu ya je masa da maganar, ko ɗagowa bai yi daga ƙarƙashin motar da yake ciki ba.

"Ba na karɓar gawa. Dubi bayan garejin nan, gawa bakwai ce, duk ta abokai, duk 'sati biyu kawai.' In ta shigo nan da ƙafarta, kai kana tuƙi, rumfa tata ce har ka mutu. In turo ta za a yi ko jawowa, wallahi a bakin ƙofa za ta tsaya."

"Kai dai ba ka da mutunci."

"Da ina da shi da ban yi abota da kai ba."

Don a sa sabon kuloci a irin injin Bushiya, sai an cire filawil. Filawil shi ne faifan ƙarfen nan mai nauyi, mai haƙora a zagaye, da ke manne a ƙarshen inji, shi ke riƙe juyin inji, a jikinsa kuloci ke kamawa. Yana zama ne a kan hancin kiranshaf, wani ƙarfe mai sirancewa zuwa baki kamar fensirin da aka fiƙe, ramin filawil ɗin ma haka aka yanka shi. Sai babban noti guda ya danne shi, da wata washa mai kunne da ake lanƙwasawa a kan notin don kar ya warware. Shi ke nan. Ku riƙe wannan hancin, a kansa duk rigimar take.

Litinin da Talata Kawu bai ci abinci a zaune ba. Ya aro fula a wurin Bahago, ƙarfen da ake fizge filawil da shi, ya cire, ya sa kuloci, ya wanke komai. Da ya zo mayarwa, ya kalli hancin nan a bushe ƙayau, zuciyarsa ta ƙi. Ya lakato giris da yatsa biyu, ya shafe shi tas, ya shafe ramin, ya zura filawil ya shige sumul kamar an kira shi. Ya ɗaure, ya lanƙwasa kunne. Har waƙa Inna ta ji yana yi.

Laraba da hantsi ya fito da ita gwaji. Unguwa ta fito kallo, mai shago har tafi ya yi. Ta wuce gida ɗaya, biyu, biyar. Daidai kwanar mai faci sai aka ji ƙwas. Sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan tukunya da muciya daga cikin injin. Ya kashe ta da sauri. Maza huɗu ne suka turo ta gida, shi yana gefe riƙe da sitiyari ta taga, bai kalli kowa ba.

Bahago ya zo da la'asar a kan babur. Ya leƙa, ya kama filawil da hannun hagu ya girgiza. Ya motsa. Ya sa fula, ko juyi biyu bai yi ba faifan ya zame ya faɗo masa a hannu. Ya dangwala yatsa a hancin, ya ɗago shi baƙi ƙirin, ya kai shi har gaban hancin Kawu.

"Mene ne wannan?"

"Giris ne."

"Na ga giris ne, ai ban makance ba. Uban wa ya aike shi nan?"

"Ƙarfe ba ya ƙin..."

"Wannan yana ƙi! Kai tsohon banza, noti ba shi ke riƙe filawil ba, turawa kawai yake yi. Cizo ne ke riƙe shi, ƙarfe ya ciji ƙarfe. Ka taɓa cizon abu da bakinka cike da man shanu? Wanda ya zauna daidai, in za ka cire shi sai ya yi ƙara kamar bindiga. Naka kuwa sallama ma bai yi ba ya fito."

Kawu ya kawar da kai daga yatsan. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya kalli abokin nasa ba, "Rana ɗaya na taɓa barin ƙarfe a bushe. Ka ga hannunka."

Wannan sai na yi muku bayani. Bahago ba bahago aka haife shi ba. Ranar da aka haifi Yaya Babba, an aiko wa Kawu a wurin aiki, ya ruga asibiti, ya tsallake layin injuna ɗaya bai zuba mai ba. Wani ƙarfe ya yi zafi, burbushin auduga ya kama wuta, abokinsa ne ke kusa, ya sa hannun dama ya fizge bel ɗin da ke juya injin. Yatsu uku suka ƙandare daga ranar. Da hagu ya koyi riƙe sufana. Tun daga nan Kawu bai sake wuce ƙarfe a bushe ba, ko na gidan wani ne.

Bahago ya goge yatsansa a rigar Kawu, da gangan.

"Hannuna ne, ba naka ba. Ni na gama kukansa tun kafin 'yarka ta yi haƙori. Kai ne ka zuba shi a gwangwani kana yawo da shi gida-gida. Matsa ka ga aikin da ka jawo."

Da filawil ya yi wasa a kan hancin, ya ƙwarzane shi. Sai an gurza hancin da ramin sun sake dacewa. Bahago ya bar masa wani kwaɓaɓɓen abu mai yashi-yashi a murfin kwalba, irin wanda ake gurza bawul ɗin inji da shi, da guntun alli, da sabuwar washa guda mai kunne biyu, da faif, wato dogon bututun ƙarfe, da ya yi wa zane a tsakiya.

"Ka shafa wannan, ka zura, ka juya dama, ka juya hagu, ka ɗaga, ka sake. In ka ja layin alli a hancin ka juya ya goge duka daga sama har ƙasa, ya yi. Ka wanke da fetur, ka bar shi ya sha iska. A bushe, ka ji ko? Ka sa faif a sufana, ka ɗora duk nauyinka daidai kan zanen nan, tun da ba wani nauyi gare ka ba. Ni ba zan taɓa ba, ina da motar mutane."

Alhamis gaba ɗaya a gurza ta tafi. Faifan nan ya kai nauyin jariri mai ƙiba, ga shi a lungu, sai ka durƙusa ka rungume shi. Dama, hagu, ɗaga. Dama, hagu, ɗaga. Aikin da ke son mutum ya zauna wuri ɗaya, aka ba wanda bai taɓa gama kofin shayi a zaune ba. Ya ja alli, rabi ya goge, rabi ya tsaya yana kallonsa. Ya miƙe ya zagaya motar, ya leƙa titi ko tifa ta yi kuskuren rana, ya dawo. Bayan azahar masu sayen ƙarfe suka biyo, su biyu, wai sun zo "duba kaya." Ɗaya har ya ƙwanƙwasa ƙofar Bushiya da ɗan yatsa yana jin kaurinta. Inna ce ta raka su waje da tsintsiya a hannu, ba ta ce za ta yi amfani da ita ba, ba ta kuma ce ba za ta yi ba.

Sai da rana ta yi sanyi allin ya goge duka.

Juma'a da safe ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Ya zaro gwangwanin daga aljihu ya miƙa wa Inna.

"Ki ɓoye. Ko na roƙe ki kar ki ba ni."

"Ko ka yi kuka?"

"Ke dai ki ɓoye."

Ta jefa shi a aljihun keken ɗinkinta ta murɗa makulli, ta jawo kujera bakin rumfa ta zauna da ɗinkin maɓalli. Ya wanke hancin da fetur, ya wanke ramin, sau biyu. Suka bushe, suka yi fari-fari kamar toka. Ya ɗauko faifan, ya goge hancin sau ɗaya na ƙarshe, ya zura, ya ɗaure, ya hau faif, ya lanƙwasa kunne da guduma. Kafin a tafi masallaci ya gama. Ya miƙe yana murmushi yana goge hannu.

Inna ba ta ɗago daga maɓallinta ba. "Malam, da me ka goge shi?"

"Da fetur mana."

"A'a. Na ƙarshen nan."

Ya kalli hannunsa. Tsumman ne. Tsumman aljihu, wanda ya sha mai tun ana saƙa a masaƙa, wanda in ka matse shi zai iya tayar da janareta. Ya ba da gwangwani, ya manta da ɗan'uwansa. Hannu ne ya yi aikinsa bai nemi izini ba.

"Shafa ɗaya ce," ya ce.

"Ni ban ce komai ba."

"Ko gani ba a yi."

"Ni ɗinki nake yi."

Ya tafi masallaci ya dawo, bai ci abinci ba. Ya zagaya motar. Ya buɗe ƙyaure ya rufe. Ya shiga ɗaki ya fito. Ya ce ai gada ba nisa, tudun ma ba wani tudu ba ne, in ya bi a hankali za ta kai. Ya sake cewa in ta yi ƙwas a kan gada fa, ranar Asabar, tifa ta riga ta juye bulo a ƙofa, ba gaba ba baya? Kunne ɗaya ya rage a washar, wanda aka lanƙwasa ba a sake amfani da shi. In ya kwance, dama ɗaya ce ta rage masa. Duk wannan da ƙarfi yake faɗa, ba da kowa ba, Inna na ta zura zare.

Da la'asar ya durƙusa ya miƙar da kunnen. Ya sa fula. Juyi uku, faifan ya saki, fat, ba wata bindiga. Ya daɗe yana kallonsa.

"Da a gada zai yi min wannan," ya ce.

Ya wanke hannu da sabulu sau uku har gwiwar hannu, kamar mai shiga tiyata. Inna ta yago masa gefen wani tsohon zani wankakke. Tsumman kuwa ta ɗauke shi da bakin almakashi ta kai bayan gida. Fetur, iska, jira. Ya tsaya a kan hancin nan hannuwansa biyu a baya, ɗaya riƙe da ɗaya, kamar wanda aka kama.

A haka Yaya Babba ta shigo daga aiki, da jaka a kafaɗa. Ta ga injin a buɗe, ta ga faifan a ƙasa.

"Baba, har yanzu? Gobe ne fa. Ba zan iya ɗaga wa mai tifa ba, magina sun riga sun..."

"Wa ya ce ki ɗaga?" Ya juya wajen Inna. "Ke, gaya wa waccan ta ajiye jaka ta zo ta riƙe min nan."

Dole wani ya cusa guntun ƙarfe a haƙoran filawil ya danne, in ba haka ba faifan zai yi ta juyawa da sufana. Da safe dabara ya yi ya tokare shi da katako, yanzu ba ya son dabara. Yaya ta kalli fararen kayanta, ta kalli uwarta, ta durƙusa. Ya ɗauki faifan da yagaggen zani, ya zura. Bai shige sumul ba. Ya tsaya, ya yi gardama, ya kama da wani ɗan sauti mara daɗi, irin wanda Kawu ya yi shekara talatin yana kashewa. Inna ta ce ta ga ya runtse ido.

Ya hau faif daidai kan zanen alli, ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Baba, yana ture ni!"

"Danne! Ai ke kika sa ranar."

Ya sauka a hankali tare da faif ɗin har ya tsaya cak. Ya lanƙwasa kunne na biyu. Sauran haɗin bai ƙare ba sai da aka kira magariba.

Asabar tifa ta riga shi. Ƙarfe bakwai tana bakin layi tana hon, direban na leƙowa yana tambaya wa zai biya shi zaman jira. Masu sayen ƙarfe ma sun zo, sun jingina da bango da kayan yankansu a buhu. Kawu ya shiga, ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta kama. Ya taka kuloci, ya sa giya, ta fita ta ƙyauren da ba za a sake buɗewa ba, ta raɓa tifar kamar kyanwa ta wuce saniya.

Kwanar mai faci, shiru. Gada, shiru. A tudun ne ya ce ya ji kamar wani abu, ya kashe numfashi ya saurara, ashe kwalin tsohon kuloci ne ke gogar kujerar baya.

Bahago na tsaye a bakin gareji da kofi a hannu. Bai matsa ba sai da ta zo dab da gwiwarsa. Ya sa aka kashe, ya buɗe, ya zura dogon ƙarfe ya taɓa filawil ta nan, ya taɓa ta can. Ko gezau.

"A bushe?"

"A bushe."

"Sau nawa?"

Kawu ya kalli gefe. "Biyu."

Bahago ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. Ya nuna rumfa da haɓa. "Shigar da ita. Kuma wallahi in na ga ka taɓa min ƙyauren gareji, sai na kira maka masu yankan nan da kaina. Ina son ƙararsa, da ita nake sanin an shigo."

A ƙafa ya dawo gida, ya ƙi hawa babur. Kafin ya iso an cire ƙyauren, an kwance rumfa, bango ya kai layi biyu. Ya tsaya yana kallon tabon baƙin mai a ƙasa inda Bushiya ta yi shekaru, wani magini na shirin zuba yashi a kai. Yaya ta kawo masa kujera. Ya ɗosana a bakin-bakinta.

Baron maginin ya wuce ta gabansa da bulo, tayar na kuka, ƙiii, ƙiii. Ya wuce ya dawo. Ya sake wucewa.

"Ke," ya ce wa Inna da ke bakin ƙofa, bai juya ba. "Ina makullin keken ɗinkin nan naki?"